Sufanci da Tarbiyyar Zuciya: Tambayoyi da Amsoshi

Tambayoyin nan sun daɗe suna zuwa mini, wasu a zauren karatu bayan sallar asuba, wasu a bakin shago, wasu kuma daga ƙannena da 'ya'yan 'yan'uwa da suka buɗi ido suka tarar gari ya rabu a kan zancen ɗariƙa. Ni ba shehi ba ne, ba kuma muƙaddami ba. Almajiri ne da ya durƙusa gaban malamai shekaru masu yawa, kuma har yau yana fama da tasa zuciyar. Abin da na karanta a gabansu da abin da na gani da idona, shi zan faɗa.

Wai shin mene ne Sufanci?

Ilimin gyaran zuciya ne, da aikin da ke bin wannan ilimin. Tushensa hadisin nan ne da Sayyidina Umar ya ruwaito, yana cikin Sahihu Muslim, ranar da Mala'ika Jibrilu ya zo a siffar mutum ya zauna gaban Annabi (SAW), ya tambaye shi Musulunci, ya tambaye shi imani, sannan ya tambaye shi ihsani. Amsar ta ukun ita ce ka bauta wa Allah kamar kana ganinsa, in kai ba ka ganinsa to shi yana ganinka. Malamai suka ce fiƙihu ya ɗauki nauyin bayanin na farko, tauhidi ya ɗauki na biyu, tasawwufi, wato Sufanci, kuma shi ke hidimar na uku.

Dubi salla. Fiƙihu zai gaya maka ko alwalarka ta yi, ko raka'o'inka sun cika, ko ƙabli ne ya kama ka ko ba'adi. Abin da ba zai tambaye ka ba shi ne ina zuciyarka take sa'ad da goshinka ke ƙasa. Da yawanmu gangar jiki na cikin sahu, zuciya na kasuwa tana lissafin bashi. Malamin fiƙihu zai ce sallar ta inganta, kuma da gaskiyarsa. Sufi shi ne wanda hakan bai ishe shi ba.

Amma ai kalmar ba ta cikin Alƙur'ani ko hadisi?

Haka ne, ba ta ciki. Haka ma nahawu da usulul fiƙhi da musɗalahul hadisi, duk sunaye ne da aka raɗa wa fannoni bayan an tsara su. Kalmar Alƙur'ani ita ce tazkiyya, wato tsarkakewa. A Suratush Shamsi Allah ya jera rantsuwa, da rana da wata, da yini da dare, da sama da ƙasa, da ita kanta rai, sannan ya ce wanda ya tsarkake ta ya rabauta, wanda ya turbuɗe ta ya taɓe.

Ita kalmar sufi, zance mafi ƙarfi shi ne daga "suf" ta fito, wato gashin tumaki, saboda riga mai kaushi da masu gudun duniya na farko suke sawa a lokacin da daula ta bunƙasa aka shiga gasar alharini. Wasu sun jingina ta ga "safa'i", wato tsarkin zuciya, wasu ga Ahlus Suffa, matalautan sahabbai da ke kwana a gefen masallacin Madina. A Basra da Bagadaza abin ya kafa saiwa. Hasanul Basari ya rasu shekara ta 110 bayan hijira. Harisul Muhasibi, wanda ya samo laƙabinsa daga yawan yi wa kansa hisabi, ya rasu a 243. Sai Imamu Junaidu a ƙarshen ƙarni na uku. In sunan ne bai kwanta maka ba, kira shi ihsani ko tazkiyya, aikin dai bai sauka daga wuyanka ba.

Wace zuciya ake nufi?

Ana nufin abin nan na cikin mutum da yake sani, yake so, yake ƙi, yake ƙulla niyya. A hadisin Nu'umanu ɗan Bashir, wanda Bukhari da Muslim suka fitar, Annabi (SAW) ya ce a cikin jiki akwai wata tsoka, in ta gyaru jiki duka ya gyaru, in ta ɓaci jiki duka ya ɓaci, ita ce zuciya.

Alƙur'ani kuma ya siffanta rai da siffofi uku. A Suratu Yusuf akwai mai yawan umarni da mummuna, a Suratul Ƙiyama akwai mai zargin kanta, a Suratul Fajri akwai mai natsuwa. Tarbiyya tafiya ce daga ta farko zuwa ta ƙarshe. Mafi yawanmu a ta tsakiya muke kwana muke tashi: a yi laifi, a ji ciwo, a tuba, a sake zamewa. Wannan jin ciwon alheri ne. Wanda ake ji wa tsoro shi ne wanda zai ci haƙƙin maraya da rana, ya yi barcinsa lakadan da dare.

Waɗanne cututtuka ne ake magana a kansu?

Duk wanda ya yi karatun zaure a ƙasar Hausa ya haddace su tun yana yaro, ko da bai lura ba. Ahalari, wanda da shi ake fara ɗora yawancinmu, kafin ya kai ga tsarki da salla sai da ya jera abubuwan da suka haramta ga baligi: ƙarya, giba, annamimanci, girman kai, jiji da kai, riya, son a ji, hassada, ƙiyayya, da ganin kai ya fi wani. Muka rera su da baki, muka yi sauri muka wuce zuwa babin alwala, don ita ido ke gani.

Bari in ba da nawa labarin a kan hassada, don ita na fi sani. Shekarun baya ina da shagon atamfa. Wani yaro da ya tashi a hannuna, ni na koya masa awon yadi da yadda ake gane kaya mai kyau da taɓawa, ya buɗe nasa shagon a layinmu. Cikin shekara biyu ya fi ni ciniki. Da safe in na hango 'yan sari sun yi cincirindo a ƙofarsa, sai in ji wani abu ya tokare mini ƙirji. In an yabe shi a gabana sai in ce ai sa'a ce kawai. A duk wannan lokacin ban taɓa fashin wuridina ba, safe da yamma carbi na hannuna.

Wata asuba na jira har ɗalibai suka watse, na matsa kusa da buzun malaminmu na ce, "Allah gafarta Malam, kasuwa ta tsaya mini. Ina so a ba ni abin da zan riƙa karantawa." Ya ajiye littafin da ke hannunsa ya dube ni, ya ce, "Taka ce ta tsaya, ko ta wani ce ta motsa?" Na sunkuyar da kai. Ya ce, "Ɗana, ba laƙanin kasuwa kake bukata ba. Kwana arba'in, bayan kowace salla ka ambaci sunan yaron nan ka roƙa masa ƙarin buɗi. Duk wanda ya zo neman kalar da ba ka da ita, ka tashi da ƙafarka ka raka shi shagonsa."

Kwanakin farko addu'ar kamar ina haɗiyar maɗaci. Baki na cewa Allah ya ƙara masa, zuciya na ja da baya. Ranar da na fara raka wata hajiya shagonsa, yaron ya miƙe da sauri ya ce, "Baba, da ka aiko an kira ni ai." Ban iya ce masa komai ba. Wajen mako na huɗu na lura ina iya duban ƙofarsa ƙirjina wasai. Cinikina bai ƙaru ba a waɗannan kwanaki, amma barcina ya dawo. Hausawa sun ce hassada ga mai rabo taki ce. Abin da take yi wa mai yin ta kuwa, sai wanda ya ɗanɗana.

Daga baya na gane abin da Malam ya yi mini shi ne ƙa'idar fannin gaba ɗaya: kowace cuta da kishiyarta ake kashe ta. Mai rowa a sa shi kyauta har hannunsa ya saba. Mai girman kai a sa shi sharar masallaci, da ɗaukar cefanensa da kansa, da fara gai da na ƙasa da shi. Mai riya a sa shi ibadar da ko matarsa ba za ta sani ba.

To ai an ce hali zanen dutse. Da gaske mutum na iya canzawa?

Wannan musu ya daɗe. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 505 bayan hijira, ya amsa shi da cewa da hali ba ya canzawa, da wa'azi da nasiha da horo duk sun zama aikin banza. Ya kawo misalin doki mai tutsu da ake horarwa har ya yi laushi, da karen farauta da ake koya wa ya kama nama bai ci ba. In dabba ta horu, ɗan Adam fa?

Sai dai ya yi wani bayani da nake ganin shi ne gaskiyar da ke cikin karin maganar tamu. Ba a tumɓuke fushi ko sha'awa daga mutum, kuma ba a ma so a tumɓuke su, don da su ake kare mutunci, da su ake kafa iyali. Linzami ake sa musu. Mai zafin zuciya zai mutu da zafinsa, amma yana iya kaiwa inda zafin ba zai ƙara sa shi ya mari matarsa ko ya zagi maƙwabcinsa ba.

Yaya ake yin tarbiyyar a aikace?

Da tuba ake farawa, kuma tuba ba carbi ba ce kaɗai. Akwai nadama, da barin laifin nan take, da ƙudurin ba za a koma ba, da mayar da haƙƙi ga mai shi. A nan mutane da yawa ke maƙalewa. Mutum zai yi istigfari dubu a zaune, amma gonar gādon ƙannensa mata tana hannunsa shekara goma.

Sai cin halal. Malaman wannan hanya sun tsananta a kan loma, don sun ga zuciyar da aka ciyar da tauye mudu da kuɗin cin hanci ba ta karɓar haske.

Daga nan sai rage abubuwa huɗu da magabata suka yi ta nanatawa: yawan magana, yawan ci, yawan barci, da yawan cuɗanya marar amfani. Ragewa aka ce, ba yankewa ba. Sai zikiri mai ɗorewa, kaɗan da ba a fashi ya fi mai yawa na kwana uku. Sai muhasaba, wato mutum ya zauna da dare ya bi yininsa ɗaya bayan ɗaya kamar yadda ɗan kasuwa ke bin littafin ciniki. Sai muraƙaba, ka riƙa tuna ana kallonka ko kana kai kaɗai a ɗaki da waya a hannu.

Akwai kuma halwa, keɓewa na 'yan kwanaki don zikiri. Ba a shiga ta da ka. Na ga waɗanda suka shige ta babu jagora, da yunwa da rashin barci, suka fito hankalinsu ya taɓu.

Dole ne sai da shehi?

A ƙarni na takwas na hijira malaman Andalus sun yi jayayya a kan wannan tambayar har suka aika Fas neman fatawa, Ibnu Abbad ya ba da amsa, Ibnu Khaldun ma ya yi rubutu a kai. Abin da ya fito daga wannan muhawara shi ne a bambance malamin da ke koyar da ilimi, wanda ba wanda ya wadatu da barinsa, da shehin tarbiyya, wanda bukatarsa ta danganta da halin mutum da nisan da yake nufi.

Dalilin bukatar a fili yake: ido ba ya ganin kansa. Da ni kaɗai ne, da har yau ina cewa kasuwa ce ta tsaya. Gazali ya lissafa hanyoyi huɗu da mutum zai gane aibinsa: shehi mai basira, aboki mai gaskiya, bakin maƙiyi, da lura da abin da kake ƙi a wurin mutane ka neme shi a jikinka. Wanda bai sami na farko ba, sauran ukun suna nan, kuma na ukun ba ya ƙaranci.

Yaya zan bambance shehin gaskiya da mai cin kasuwa da addini?

Dubi sallarsa, dubi iliminsa na shari'a, dubi yadda yake da kuɗi da mata. Dubi waɗanda suka daɗe tare da shi: sun fi da tsoron Allah da sauƙin kai, ko sun fi da raina mutane? Wanda zama da shi ke tuna maka Allah, ka riƙe shi. Wanda kullum zancensa darajarsa da mafarkansa, wanda ke sa wa addu'a farashi, wanda ke keɓewa da matan mutane da sunan tarbiyya, wanda ke raba ka da iyayenka, ka yi nesa da shi komai girman rawaninsa, komai tsawon silsilar da ya karanta maka.

Sufanci da ɗariƙa abu ɗaya ne?

A'a. Sufanci ya girmi ɗariƙu da ɗaruruwan shekaru. Ɗariƙa makaranta ce a cikinsa, da shehinta da wuridinta da ƙa'idojinta, kamar yadda mazhaba take a fiƙihu.

Biyu ne suka fi kafuwa a wajenmu. Ƙadiriyya tana komawa ga Shehu Abdulƙadir Jilani, wanda ya rasu a Bagadaza a 1166 miladiyya. Ita ce ɗariƙar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da ƙanensa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello, har jama'arsu ake kira Ƙadirawa. A ƙarnin da ya wuce Shehu Nasiru Kabara, wanda ya rasu a 1996, ya sake raya ta daga Kano, da zikirin bandiri da Maukibin da ake yi duk shekara.

Tijjaniyya ta Shehu Ahmadu Tijjani ce, haifaffen Ainu Madi a Aljeriya, ya rasu a Fas a 1815. Alhaji Umarul Futi ya zauna a Sakkwato zamanin Sarkin Musulmi Bello a kan hanyarsa ta komowa daga hajji, ya bar mabiya. Amma yaɗuwarta mai girma ta zo ne ta hannun Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha a Senegal, wanda ya haɗu da Sarkin Kano Abdullahi Bayero a aikin hajji a 1937, daga baya ya zo Kano da kansa. Daga nan ta bazu har Kiota a Nijar da zangunan Gana. Batijjane yana da lazimi safe da yamma, istigfari ɗari, salati ɗari, hailala ɗari, da wazifa kullum, da zikirin Juma'a tsakanin la'asar da magariba.

Mutum na iya riƙe wuridi shekara talatin zuciyarsa ba ta motsa ba, wani kuma bai taɓa karɓar ɗariƙa ba amma ya yi nisa a tsarkin zuciya. Na ga duka biyun.

Na ji ana cewa wane "ya yi tarbiyya". Me ake nufi?

Wannan a bakin mutanen Faila ne, wato almajiran Shehu Ibrahim Inyass. Suna nufin wani tsari na musamman da muridi ke shiga ƙarƙashin muƙaddami mai izini, da zikirori ƙayyadaddu, har ya kai ga abin da suke kira ma'arifa, sanin Allah na ɗanɗano ba na karatu kaɗai ba. Abin da zan ce a nan shi ne abin da manyansu da kansu suke faɗa: duk abin da mutum ya ɗanɗana, in bai ƙara masa ladabi da riƙon shari'a ba, bai isa ko'ina ba. Sufaye tun da can sun bambance hali da maƙami. Hali a nan yanayi ne da ke sauka a zuciya, baƙo ne, yana zuwa ya tafi. Maƙami shi ne abin da ya zauna ya zama ɗabi'a.

Gaskiya ne wanda ya kai haƙiƙa salla na faɗuwa a kansa?

Ƙarya ce, kuma Sufaye ne suka fara ƙaryata ta. An gaya wa Junaidu wasu na cewa masana Allah suna kaiwa inda za su bar ayyuka, ya ce wanda ke sata da zina ya fi mai faɗin haka kyawun hali. Shi ne kuma ya ce ilimin nan namu ɗaure yake da Littafi da Sunna. Ayar ƙarshen Suratul Hijri da suke fakewa da ita, ka bauta wa Ubangijinka har yaƙini ya zo maka, malaman tafsiri sun ce yaƙinin nan mutuwa ce. Annabi (SAW) ya yi tsayuwar dare har ƙafafunsa suka kumbura. Wa ya kai inda bai kai ba?

To me ya sa wasu malamai ke sukar Sufanci?

Saɓanin na gaske ne, ba zan ɓoye shi ba. Yana kan tawassuli da waliyyai, da abin da ake yi a ƙaburbura, da falalar da ake ba wasu salatai, da zikirin taro da bandiri, da wuce iyaka wajen girmama shehunai. A Najeriya Shehu Abubakar Gumi ya yi ta magana a kan waɗannan, aka kuma kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978. Mu da muka rayu a shekarun da suka biyo baya mun ga an raba masallatai, mun ga ɗa ya daina bin ubansa salla, mun ga aure ya mutu.

Ra'ayina shi ne wasu daga cikin sukan sun dace, kuma gyara ne ga mai son gyara. Shehu Usmanu Baƙadire ne, amma ya cika littattafansa da yaƙi da bidi'a. A ɗaya ɓangaren kuma, Ibnu Taimiyya da masu suka ke yawan kafa hujja da shi ya yabi Junaidu da Abdulƙadir, almajirinsa Ibnul Ƙayyim kuma ya yi babban sharhi a kan matakan masu tafiya zuwa ga Allah. Babu malami ɗaya a kowane ɓangare da ya ce hassada halal ce, ko riya ba komai. Abin da ke ba ni ciwo shi ne mun shekara arba'in muna musu a kan inda muka saɓa, mun bar inda muka haɗu babu mai aiki a kai. Wani lokacin ma musun kansa ne ke ciyar da girman kan da ya kamata mu kashe.

Karama fa?

Ahlus Sunna sun yarda Allah na girmama bayinsa da abin da ya saɓa al'ada. Amma ba ita ake nema ba, ba kuma da ita ake awo ba. An ruwaito daga Abu Yazidal Bisɗami cewa ko kun ga mutum yana tashi sama, kada ku ruɗu da shi sai kun ga yadda yake a wajen umarni da hani.

Sai na bar kasuwa da aiki kafin in zama mai zuhudu?

A'a. Gazali ya ajiye kujerarsa ta koyarwa a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza a 1095 miladiyya, ya yi shekaru a keɓe, don ya binciki niyyarsa ya tarar son suna ne ke tuƙa shi. Wannan maganin cutarsa ne shi, kuma daga baya ya koma koyarwa. Mafi yawan mutanen Allah da na sani masu sana'a ne: maɗinka, 'yan koli, manoma, malaman makaranta. Zuhudu shi ne dukiya ta zauna a hannu kada ta shiga zuciya. Ana gane shi ranar asara, da ranar fitar da zakka, da ranar da mai saye bai ga aibin kaya ba kai kuwa ka gani. Wanda ya bar iyalinsa da yunwa ya tare a zawiya yana jiran sadaka, lalaci ne ya sa wa rigar tawakkali.

Mata suna da rabo a wannan hanya?

Rabo cikakke. Rabi'atul Adawiyya ta Basra tana cikin manyan farko. A nan gida Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda malamai mata da ake kira jaji ke ɗaukar karatu daga wurinta su kai wa matan ƙauyuka. Mahaifinta ya yi kakkausar magana a kan mazan da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Kuma in ana neman fagen tarbiyyar zuciya, zaman gida da kishiya da dangin miji da renon yara ya fi halwar kwana arba'in wuya. Na san wata gwaggo tamu da ta reni 'ya'yan kishiyarta bayan rasuwar uwarsu, har suka girma baƙo bai iya bambance su da nata. A wurina tana gaba da mu masu dogon carbi.

Ina zikiri amma ba na jin komai. In daina?

Kada ka daina. Ibnu Aɗa'illah, wani malamin Sufanci na Masar, ya ce kada ka bar zikiri don zuciyarka ba ta halarta a cikinsa, domin gafalarka da barinsa ta fi gafalarka a cikinsa muni, kuma mai yiwuwa a ɗaga ka daga zikiri da gafala zuwa zikiri da farkawa. Ba don daɗi ake yi ba. Amma ka binciki abu uku: abin da kake ci, abin da bakinka ke faɗa a kan mutane, da haƙƙin wani da ke hannunka. Sau da yawa ƙofar a nan ta kulle.

Sa hoton Umara ko na rabon sadaka a Facebook riya ne?

Ba ni da ikon shiga zuciyar kowa. Suratul Baƙara ta ce in kun bayyana sadaka madalla da ita, in kun ɓoye kuka ba matalauta shi ya fi muku alheri. Ga awon da za ka yi wa kanka: in ka sa hoton aka kwana babu wanda ya yaba, me ka ji? In ranka ya ɓaci, to ka san wa ka yi wa. Ka kuma tuna fuskar talakan da ke karɓar buhun shinkafa a gaban kyamara, shi ma yana da mutunci da 'ya'yan da za su gani. Sai dai kada tsoron riya ya sa ka bar aikin alherin kansa. Fudailu ɗan Iyad ya ce barin aiki saboda mutane shi ma riya ne.

Ba ni da shehi, ba na cikin ɗariƙa. Daga ina zan fara?

Fara da salla biyar a kan lokaci, ka zo kafin a tayar don zuciya ta sami sararin sauka daga kasuwa. Riƙe zikiran safe da yamma da suka tabbata a hadisi, da wani yanki na Alƙur'ani kullum ko shafi biyu ne, da istigfari ɗari kamar yadda Annabi (SAW) yake yi a yini, da salati. Kafin ka kwanta ka kife wayar, ka bi yininka: wa na ɓata wa rai, wa na ci namansa, me na yi don a gani. Zaɓi cuta ɗaya tak da ta fi damunka ka yi wata guda kana yi mata kishiyarta, kada ka ce za ka kama su duka a lokaci guda.

Sannan ka nemi mutum ɗaya mai tsoron Allah da ya san ka ciki da bai, ka ce masa, "Ɗan'uwa, don Allah in ka ga wani abu a halina ka gaya mini tsakanina da kai." Ranar da ya gaya maka, ka yi shiru har ya gama, kada ka kare kanka ko da kalma ɗaya. Ka yi masa godiya, ka tafi gida ka kwana da maganar.